Allura Ta Fi Masaƙa Tsawon Kwana

Wanda ya zaga unguwar Kakuri a Kaduna a yau zai tarar da masaƙun da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata sun zama kufai: ƙofofi a garƙame, ciyawa ta cinye haraba, injuna sun yi tsatsa. Amma da zai bar nan ya kutsa lungunan Zariya, ko Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ba zai yi nisa ba sai ƙarar keken ɗinki ta tarbe shi daga wani zaure, ko ya ci karo da yaro ɗauke da hulunan da aka gama ɗinkawa a cikin gida za a kai wa mai su. Masaƙar da aka zuba wa miliyoyi ta mutu, allurar da ake saye da canjin cefane tana nan tana aiki. Hujjar da nake son kafawa ita ce, ɗinkin gida da 'yan sana'o'in hannu masu ƙaramin jari, waɗanda wasu ke ɗauka sabon yayi ne da aka koyo a waya, wasu kuma ke yi musu kallon dabarar wanda ya rasa yadda zai yi, su ne ainihin ginshiƙin sana'ar tufa a ƙasar Hausa. A kansu ta tsaya lokacin da take ganiyarta, su ne kuma suka rage a tsaye duk lokacin da wani sauyi ya zo ya kayar da sauran. Wanda bai gane dalilin haka ba zai yi ta neman farfaɗo da sana'ar tufa ta inda ba nan ranta yake ba.

A farkon shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, ya kuma lissafa inda suke zuwa: Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, Timbuktu ta yamma, Barno ta gabas, Adamawa ta kudu maso gabas. Buzayen hamada da turkudin Kura suke naɗa rawani, mai sheƙin nan da ke barin shuni a fuska. To amma abin da ya fi ɗaukar hankalin Barth shi ne yadda ake yin wannan aiki. Bai ga wani katafaren gini da aka tara mutane a ciki ba, irin waɗanda ya baro a Turai. Ya ga kusan kowane gida yana da rabonsa a cikin sana'ar, mutane suna samun abinci da ita ba tare da sun bar iyalinsu ba. Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafa ta da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, matattara ce kawai. Kayan da suka cika ta daga tsakar gidaje da zauruka da inuwar bishiyoyi suke fitowa, kowa ya yi nasa yanki na aikin ya miƙa wa na gaba.

A duba yadda riga ke somawa a wancan zamani. Bayan an tsinci auduga, mace ce za ta ɗora ta a kan magurji ta murza da ɗan ƙarfe har angurya ta fita. Ta ɗauko bakan shiɓa ta yi ta kaɗa tsirkiyarsa a cikin audugar har ta buɗe ta yi laushi. Sannan ta zauna da mazari, ta shafa alli a yatsu don kada zare ya kama, hannun hagu a sama yana sakin auduga, na dama yana murza mazarin. In siririn zare mai ƙarfi ake so, ta ƙara murɗi. In abawa ce mai kauri, ta sassauta. Jarinta duka bai wuce tsinke da ɗan dunƙulen yumɓu da ƙullin auduga ba. Dillaliya ko 'yarta ce za ta kai zaren kasuwa, kuɗin kuwa nata ne, ba na miji ba. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, ya nuna yadda kaɗi ya zama aikin yau da kullum na matan karkara, kuma da irin waɗannan sana'o'i mace ke yin biki da tara wa 'ya kayan ɗaki. Daga hannunta zare ya wuce ga masaƙi, wanda yawanci manomi ne da ke saƙa da rani, daga nan ga marini a bakin karofi irin na Ƙofar Mata, sannan ga mabugi. Babu ko ɗayansu da ke bukatar jarin da ya fi ƙarfin talaka.

Akwai wani abu game da saƙar maza ta ƙasar Hausa da ya sa allura ta zama dole. Masaƙi ba ya fitar da faffaɗan yadi. Sawu yake saƙawa, siriri mai tsawo, wanda faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, na turkudi ma wani bai kai faɗin yatsa biyu ba. In ban da gwadon da mata ke saƙawa a tsaye mai ɗan faɗi, babu zane, babu rawani, babu riga sai an jera sawaye an haɗa bakinsu da allura, ɗaya bayan ɗaya. Babbar riga ta kirki kan ci sawaye masu ɗimbin yawa, kowanne an ɗinke shi da hannu tun daga sama har ƙasa. Wannan wahala ita ta koya wa maɗinki tattali. Yankan babbar riga da na wando mai kamun ƙafa duk a miƙe yake, murabba'i da kusurwa, ta yadda da wuya a zubar da ko ƙyalle ɗaya. Abin da ya saura ya zama aljihu, ko shafi, ko hula. In riga ta koɗe a mayar da ita marina ta dawo sabuwa. In ta yage a yi mata faci. In ta gaji a rage ta ga yaro, in ta gama wannan ta zama gammo ko tsumman ɗaure kaya. Abin da ake ta wa'azinsa yanzu a duniya na rage ɓarnar tufa, a nan tsohuwar ɗabi'a ce da tsadar zare ta haifar.

Ƙololuwar wannan sana'a ita ce aikin wuyan riga. Malami ne yawanci ke zana shi, domin hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya fi iya fitar da layi. Ya zana tsinayen nan dogaye da suka ba aska takwas da aska biyu sunansu, suna gangarowa daga wuya da bakin aljihu, ya zana tambari mai zagaye a ƙirji da baya, ya sa dagi inda ya dace. Sannan maɗinka, da yawansu almajirai da gardawa masu neman abin kai wa baka, su zauna su cike zanen da ƙananan idanu bila adadin, aikin da kan ɗauki watanni. Zaren da ake yi da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Tsamiya daga gidan wata tsutsa ake samunta a jikin bishiyoyi, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa. Alharini ja kuwa, wanda ake taƙama da shi, siliki ne maras daraja da ake rinawa a Tarabulus a ƙetaro da shi hamada, hannun mutanen nan ne ya mayar da shi kayan sarauta. Ita kanta allurar tana cikin kayan Turai masu araha da ayari ke kawowa. Da waɗannan ƙananan abubuwa maɗinkan Kano da Zariya da Bida suka yi rigunan da sarakunan Daular Usmaniyya ke naɗa hakimai da su, suke kuma aika wa junansu kyauta.

Shugabannin wancan zamani ba su raina wannan aiki ba. A cikin wasiƙar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji kan tushen mulki, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya lissafa maɗinka da marina tare da manoma da maƙera a cikin masu sana'ar da wajibi ne shugaba ya kula da su, ya tabbatar kowane gari yana da nasa. An kuma ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa yana tufka igiya don ya ci daga gumin hannunsa. Tushen wannan ɗabi'a a addini yake. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa, kuma teloli har yau suna alfahari da ruwayar da ta ce Annabi Idrisu ne farkon wanda ya yi ɗinki. Kunyar riƙe allura, musamman ga namiji mai ilimi, baƙuwar ɗabi'a ce a ƙasar nan.

Mai karatu da ya san tarihi zai ce na ƙawata hoton, domin wannan arziki bai rabu da bauta ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a rufe ta ba. Auduga da baba masu yawa a rumada aka noma su da gumin bayi, kuyangi da yawa sun yi kaɗin da ba su ga ko wuri ɗaya na kuɗinsa ba, kuma arahar tufar Kano a kasuwannin nesa tana da alaƙa da wannan zalunci. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Turawa sun ci Kano a 1903, bauta ta yi ta ja da baya har aka soke ta gaba ɗaya a doka a 1936, duk da haka kaɗi da saƙa da ɗinki a cikin gidaje ba su tsaya ba, sun ci gaba shekaru da dama. Da bauta ce kaɗai ke riƙe da sana'ar, da sun faɗi tare. Abin da ya riƙe ta shi ne sauƙin shigarta: kowa na iya somawa da ɗan abin da ke hannunsa. Wannan sauƙi ne ma ya ba 'yantattun bayi da yawa, maza da mata, hanyar tsayawa da ƙafafunsu.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani lissafi na dabam. An kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, a 1902, da burin a mayar da Arewacin Nijeriya gonar da za ta ciyar da masaƙun Lankasha, a kwashi auduga ɗanya a dawo da yadi. Aka kakkafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma shekaru da yawa lissafin bai fita ba, domin makaɗa da masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, manomin Kano kuma ya ga gyaɗa ta fi masa riba. Sannu a hankali dai akoko da alawayyo da atamfa na kantuna, da zaren inji, suka yi arahar da hannu ba zai iya kamowa ba. Kaɗi ne ya fara faɗuwa, domin shi ya fi cin lokaci: sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin su wadatar da masaƙi ɗaya. Saƙa ta bi baya, ta taƙaita ga luru da gwado da saƙin manya. Darasin a fili yake. Duk inda aiki ya zama maimaita abu ɗaya sau dubu, zare iri ɗaya, yadi iri ɗaya, inji zai kayar da hannu. Ɗinki kuwa ba haka yake ba, domin kafaɗar wani ba ta wani ba ce, abin da ke burge wannan amarya ba shi ke burge waccan ba.

Keken ɗinki ma an zaci zai kashe maɗinkin hannu. A shekarar da Barth ya shiga Kano, wato 1851, Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, kuma daga 1856 kamfaninsa ya soma sayarwa a biya kaɗan-kaɗan, abin da ya sa keken ya shiga gidajen marasa ƙarfi a duniya. Ya iso ƙasar Hausa ta bakin teku da kantunan Turawa, daga baya Butterfly na ƙasar Sin ya zo da araha ya mamaye. Abin da ya sa ya karɓu shi ne ya yi daidai da tsohon tsarin: ba ya bukatar lantarki, da hannu ko ƙafa ake juya shi, mutum ɗaya ya ishe shi, kusurwar zaure ta ishe shi, in ya lalace akwai mai gyara a kasuwa. Koyon sana'ar ma bai sauya ba. Uba ya kai ɗansa wurin tela, yaro ya fara da shara da hura gawayin dutsen guga, ya koyi sa maɓalli da kalmasa, a ba shi wandon yara ya ɓata ya gyara, sai ranar da aka amince masa ya sa almakashi a shaddar mutane. Kakin ma'aikatan En'e, kayan 'yan makaranta, kaftani da jamfa, duk sun buɗe wa tela sabuwar kasuwa. Da injin yin aikin wuya ya zo, sai kasuwa ta rabu biyu: aikin inji ga mai sauri da ƙaramin kuɗi, aikin hannu ga mai son a san ya sa riga. Keke ya rage wahalar haɗa baki da baki, riguna suka yawaita, masu neman ado a kansu suka ƙaru.

Babban sauyin ƙarni na 20 shi ne komawar allura hannun mata. Da kulle ya yaɗu, kaɗi kuma ya mutu, mace ta nemi wata sana'ar da za ta yi ba tare da ta fita ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gidaje da alƙaluman gwamnati ba sa gani. A birnin Zariya, kamar yadda binciken Elisha Renne ya nuna, aikin babbar riga na hannu, wanda a da na maza ne, ya koma hannun mata daga wajejen shekarun 1970 zuwa 1980, lokacin da maza suka tafi boko da aikin gwamnati da ɗinkin inji. Haka ma hula. Mai zane ya zana a kan farin ƙyalle, a aika wa mace da zaren da aka zaɓa kala-kala. Tsakanin ɗora tukunya da sauke ta, tsakanin goyo da wanke-wanke, ta ɗauko ta ci gaba daga inda ta tsaya, tana huda ƙyallen tana zagaye kowane ido da zare, makonni kafin ta rufe. Sannan a haɗa kai da jiki, a kai wa mai wankin hula ya sa sitaci, ya ɗora a gungume ya buge har ta tsaya. Hular da ake kira zanna bukar, da kube da damanga da ke kan gwamna da ɗan kasuwa, mafi yawansu ta wannan hanya suka biyo.

Adon ɗaki ma haka. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya tattara ɗinke-ɗinken Hausawa masu yawa, kuma duk wanda ya ga tsofaffin zannuwan gado na amare ya san yadda mata suka ɗauki farin yadi mai araha da zare mai haske suka cika shi da tsuntsaye da furanni da masallaci har da jirgin sama. Faifan kaba mai rini da ake jerawa a bango, tabarma, rigunan filo, hula da safar jariri na kwarashi, jaka da takalmi da ake lulluɓewa da ragowar atamfa, duwatsun da ake jerawa a bakin mayafi, duk reshe ɗaya ne. Kayan aiki na sauyawa da zamani, ƙa'idar ba ta sauya ba: a sayi abu mai araha, a zuba masa lokaci da basira, ya fito da darajar da ba a saye ta a kanti ba.

A daidai wannan lokaci ne aka gwada ɗaya hanyar, wato ta manyan masaƙu. A 1957 gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna. UNTL ta biyo baya a 1964, wasu suka bi a Kaduna da Kano, har masaƙu suka zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a ƙasar bayan gwamnati. Abin alfahari ne, kuma ya raya gidaje masu yawa. Amma masaƙa tana da sharuɗɗan da in ɗaya ya karye duka sun karye: lantarki ba yankewa, baƙin mai, kayan gyara daga waje, kuɗin ƙasa mai daraja, iyaka mai tsaro. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 naira ta faɗi, kayan gyara suka gagara. Wuta ta zama sai an yi sa'a. Yadin fasa-ƙwauri ya kwararo ta Kwatano da Maraɗi, atamfar Sin mai kwaikwayon zanen gida ta cika Kantin Kwari. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tela da mai ɗinkin hula sun sha wannan wahala su ma, amma ba ta kashe su ba, domin ba su da bashin banki, ba su jiran wuta, kuma ko daga ina yadi ya fito dole ya bi ta hannunsu kafin ya zama riga.

Za a ce ai zamanin allurar da nake magana a kai ya wuce, domin gwanjo da kayan kanti na Sin sun fi ɗinki araha. Wanda ya sayi yadi ya biya tela ya fi wanda ya je kasuwar gwanjo ta Ƙofar Wambai kashe kuɗi. In rigar sanyi ce ko wandon jins, haka ne, babu gardama. Amma tufar da Bahaushe ke fita kunya da ita ba a dila take zuwa ba. Kayan Sallah, ankon biki, kaftanin Juma'a, duk ɗinka su ake yi, lefe kuwa a turmi ake kai shi ba a ɗinke ba. Abin da ya sa teloli ke kwana a shago a goman ƙarshe na azumi ke nan. Shi kansa gwanjon aiki yake samar wa allura, domin da wuya ya zo daidai jiki: a rage tsawo, a tsuke ƙugu, a sauya zif, a farke babbar riga a fitar da ta yara biyu. Telan nan mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi a lungu, da irin wannan gyara yake ci. A gidan da uwa ta iya yanka da ɗinki, turmi ɗaya na iya fitar da kayanta da na 'yarta, ƙyallen ya zama ɗankwali ko rigar filo, kuɗin ɗinkin kuma ya tafi ga cefane. A shekarun tsada irin waɗannan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu kuma za su ce allura ba za ta tufatar da al'umma mai mutum sama da miliyan 200 ba, kuma tunda shadda daga Ostiriya ko Sin take, zare da keke duk na waje ne, me ya rage namu? Ba na cewa a koma mazari, ba na kuma cewa ƙasa ba ta bukatar masaƙa. Abin da tarihi ya nuna shi ne wane ne ke bukatar wane. Masaƙar da za ta rayu ita ce wadda ta san cewa kasuwarta tana hannun teloli da mata masu ɗinki a gida, ta yi musu yadi da zaren da suke so a farashin da za su iya. Batun kayan waje kuwa, allura da alharinin 1851 ma baƙi ne, amma babu wanda ya kalli aska takwas ya ce rigar Tarabulus ce. Yanka da zane da hannun da ya ɗinka su ke ba tufa asalinta, kuma a nan ne mafi yawan darajar take. Shi ya sa hula da kaftanin da aka ɗinka a Kano ke samun masu saye a zangon Kumasi da Yawunde da Injamena, ko da yadin ya fito daga wata nahiya.

Sukar da ta fi kowacce nauyi ita ce ta lada. Matar da ta kwashe makonni tana ɗinkin hula har idonta ya fara gajiya, abin da ake ba ta ɗan kaɗan ne daga kuɗin da za a sayar da hular. Mai kawo aiki da dillali da mai shago su ke kwashe ribar, domin su suka san kasuwa, su ke da kuɗin sayen zare, ita kuwa ba ta ma san nawa aka sayar ba. Sau da yawa kuma 'yarta ce ke zirga-zirgar kai aiki da karɓo kuɗi a lokacin da ya kamata tana aji. Duk wanda ke yabon sana'ar hannu bai faɗi wannan ba, ya yi rabin magana. Sai dai maganin ƙarancin lada shi ne a ƙara wa mai aikin ƙarfi, ba a raba ta da aikin ba. Inda mata suka haɗu suka sayi zare da ƙyalle da kuɗin adashinsu, suka biya mai zane da kansu, hular ta zama tasu, su ke sa mata farashi. Waya ta rage wani ɓangare na katangar, domin yanzu mace na iya nuna aikinta daga ɗakinta ta yi ciniki da mai saye a wani gari, a turo mata kuɗi kai tsaye. Abin da ya rage shi ne ta iya lissafin kwanakin da ta kashe, ta sa su a cikin farashi.

In haka ne, akwai abin da ya hau kan kowa. Iyaye su daina ɗaukar koyon ɗinki a matsayin makomar yaron da boko ya ƙi. Ɗa namiji da 'ya mace duk su iya zura zare, su sa maɓalli, su yi faci, kamar yadda malaman da suka gabata suka iya. Makarantun boko da na Islamiyya da tsangayoyi su mayar da aikin hannu cikin darasi na gaske, da allura da ƙyalle a hannun kowane ɗalibi, su nemo tsofaffin masu aikin wuyan riga su koyar tun suna da rai, domin zane irin su aska takwas a hannu ake gadonsa. Gwamnatocin jihohi da ke raba kekuna a bikin yaye ɗalibai su sani cewa keke ba tare da jarin yadi da kasuwa ba, sayar da shi za a yi. Kwangilar kayan makaranta da na asibiti da aka rarraba wa ƙungiyoyin teloli na unguwa ta fi kyautar keke ɗari amfani. Mai saye kuma ya rage taya aikin hannu kamar yana taya kayan inji. Duk wani shiri na farfaɗo da sana'ar tufa a Arewa, a auna shi da tambaya ɗaya: nawa ya ƙaru a hannun wanda ya yi ɗinkin? Shirin da bai iya amsa wannan ba, komai girman ginin da aka yi masa, bai taɓa mutanen da suka riƙe sana'ar nan shekaru ɗaruruwa ba.